Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Waiwaye a kan Kundin Itatuwan Maganin Nijar na 1980

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ko ta Wadata a birnin Yamai ba zai rasa ganin rumfunan masu magani ba. Ga ƙullin sassaƙen maɗaci, ga damin ganyen sabara, ga saiwar uwar magunguna mai ƙamshin man zafi, ga bagaruwa a kwano da garin itatuwa iri-iri a ƙulle. Jama'a na tsayawa su faɗi abin da ke damun su, a auna musu, su biya su wuce. A ƙetaren kogi kuma, a Jami'ar Abdou Moumouni, ana maganar waɗannan itatuwa ɗin dai, amma da wani harshe da wasu sunaye. Da wuya a sami kundin bincike a kan maganin gargajiyar Nijar wanda bai ambaci wani littafi da aka buga a Paris a shekarar 1980 ba, mai suna “Médecine traditionnelle et pharmacopée: contribution aux études ethnobotaniques et floristiques au Niger”, wato gudummawa ga nazarin tsirran Nijar da amfanin da al'umma ke yi da su wajen magani.

Wannan sharhi zai dubi littafin ne ta fuska guda. Ya yi babban aiki wajen tsare sunan itace, amma ilimin magani ya fi sunan itace faɗi, kuma abin da ya rage a wajen littafin shi ne ya fi shiga haɗarin ɓacewa a yau.

Asalin littafin

Hukumar da ta ɗauki nauyin aikin ita ce ACCT, hukumar haɗin gwiwar al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci. A Yamai aka kafa ta ranar 20 ga watan Maris na 1970, kuma shugaba Diori Hamani na cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan kafuwarta. A lokacin da littafin ya fito, babban sakataren hukumar ɗan Nijar ne, Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai wanda Jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Ayarin masu binciken ya haɗa da Édouard Adjanohoun, masanin tsirrai daga Benin, wanda ya jagoranci aikin, da Laurent Aké Assi daga Kodibuwa, da ƴan ƙasa irin su Mahamane Saadou. Littafin ɗaya ne daga cikin jerin da hukumar ta fitar a kan ƙasashe da dama, har da Mali da Gabon da Togo da Kongo da Benin.

Lokacin ma ya dace. A 1978 taron Alma-Ata ya yi kira da a kai kiwon lafiya matakin farko ga kowa, ya kuma ambaci masu maganin gargajiya cikin waɗanda za a iya aiki da su. Ƙasashen Sahel kuwa ba su daɗe da fita daga farin farkon shekarun 1970 ba, wanda ya kashe dabbobi da itatuwa masu yawa. Saboda haka masu aikin sun ga cewa idan ba a rubuta ba, za a wayi gari babu itacen, babu kuma tsohon da ya san shi.

Abin da littafin ya tsare

Tsarin littattafan wannan jeri ɗaya ne. Ana kawo itace da sunansa na Latin, da danginsa, da siffarsa, da sunayensa a harsunan ƙasa, sannan a faɗi cutar da ake amfani da shi a kanta da sashen da ake ɗiba, ganye ne ko sassaƙe ko saiwa. Wanda bai san matsalar ba zai iya ɗaukar sunan Latin a matsayin ƙawa ta ƴan boko, alhali kuwa a nan ne littafin ya fi amfani.

Sunan itace a baki yana canzawa daga gari zuwa gari. Itacen da wani ke kira dogon yaro, wani darbejiya yake ce masa, wani kuma bedi. Wannan mai sauƙi ne, domin itacen ɗaya ne. Matsalar da ta fi ita ce suna ɗaya ya hau itatuwa biyu. Kinkelibar da ake sha kamar shayi a Senegal da Mali ita ce geza, Combretum micranthum. Amma akwai masu kiran rai-ɗore, Senna occidentalis, da wannan suna, har Faransawa na ce masa kinkelibar ƙarya. Ɗanyun ƙwayoyin rai-ɗore suna da guba, kuma likitoci a arewacin Indiya sun danganta cin su da wata cuta mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa wadda ta kashe yara a shekarun 2000. Mutumin da aka ce ya nemi kinkeliba yana da haƙƙin sanin wacce ake nufi. Sunan Latin da busasshen reshen da aka adana su ne ke raba wannan gardama, kuma duk binciken da aka yi daga baya a kan sabara ko marke ko kalgo a Nijar, a kan wannan tubali aka ɗora shi. Wannan yabo ne da ba mai iya ƙwace wa littafin.

Inda fassara ta rage ilimi

Sai dai kuma mai magani ba daga itace yake farawa ba. Daga maras lafiya yake farawa, da sunan cutar kamar yadda Bahaushe ko Bazabarme ya san ta. Littafin ya jera amfanin itatuwa ƙarƙashin sunayen cututtuka na likitancin Faransanci, kuma a wannan mataki ne aka yi asarar farko.

A ɗauki basir. A bakin likita, “hémorroïdes” kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. A bakin Bahaushe kuwa basir ya haɗa da taurin bayan gida, da kumburin ciki, da ciwon baya, da kasala, har da raunin namiji a shimfiɗa. Haka sanyi, wanda kan nufi ciwon gaɓoɓi, ko mura, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa. Shawara ma alama ce guda, wato rawayar ido, wadda za ta iya fitowa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini, ko toshewar hanyar matsarmama. Idan aka rubuta cewa itace kaza na maganin “ictère”, ba a faɗi wacce daga cikin waɗannan ba, kuma ba a faɗi yadda mai maganin ya gane irin wadda yake iya wa ba. Ɗalibin da zai gwada itacen a ɗakin bincike zai gwada shi a kan cutar da ke cikin littafin likita, wadda wataƙila ba ita tsohon ya nufa ba. In gwajin ya faɗi sai a ce maganin ƙarya ne, in ya ci sai a tallata shi a kan abin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Nina Etkin da Paul Ross, waɗanda suka zauna a wani ƙauye na ƙasar Kano, sun nuna a wata maƙala ta 1982 cewa da yawa daga cikin tsirran da Hausawa ke magani da su, su ne kuma suke ci, don haka ba a iya raba tukunyar miya da tukunyar magani. Etkin ta kuma bayyana yadda Bahaushe ke ɗaukar zawo ko amai ko fitowar ƙuraje bayan shan magani a matsayin shaidar cewa cuta na fita. Lewis Wall, a littafinsa “Hausa Medicine” na 1988, wanda ya gina a kan zamansa a ƙasar Malumfashi, ya fara ne da ma'anar lafiya da ciwo a tunanin Bahaushe kafin ya zo kan magani. Waɗannan ayyuka sun nuna cewa akwai tunani mai tsari a bayan kowane jiƙo. Wanda bai san cewa ana son cuta ta fita ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa filasko da sauran masu wanke ciki ke da daraja haka ba, ba zai kuma iya gargaɗin uwar da ke ƙara wa yaro mai zawo irin wannan magani ba.

Har ila yau, mai karanta littafin zai iya ɗauka cewa duk ilimin a baki yake kafin zuwan masu bincike. Ba haka tarihi ya nuna ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani, ciki har da na basir da na ciwon ido da na amfanin filasko. Malaman zaure a Nijar da Nijeriya sun gaji irin waɗannan takardu, kuma suna cikin tushen abin da ake sayarwa a kasuwa yau.

Awo da hanyar haɗi

Asara ta biyu ta shafi awo. Faɗin cewa ana dafa ganye a sha bai isa ba. Nawa za a ɗiba, a wane lokaci na shekara, ɗanye ko busasshe, jiƙo ko dafawa ko sirace ko hayaƙi, da kunu ko da nono, kwana nawa, kuma wa aka hana? Mai magani yana riƙe da amsoshin nan a hannunsa da idonsa, yakan kuma ɓoye wasu domin su ne jarinsa. Littafin da aka tsara bisa itace ba shi da isasshen wurin ɗaukar su.

Muhimmancin wannan ya bayyana a tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitocin Nijar ke bayarwa. Tu Youyou, masaniya ƴar ƙasar Sin, ta daɗe tana gwada tsiron Artemisia annua ba tare da sakamako tsayayye ba, har ta koma ga rubutun wani likita na ƙarni na 4, Ge Hong, inda ta ga cewa jiƙa tsiron ake yi a ruwa a matse, ba dafawa ba. Daga nan ta gane cewa zafi na lalata sinadarin, ta sauya hanya a 1971, aka samu artemisinin, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Da tsohon likitan ya rubuta sunan tsiron kawai ya tsallake hanyar haɗi, da aikin ya ƙara daɗewa.

A gida ma misalin na nan. Ƴaƴan anza, Boscia senegalensis, suna da ɗaci mai cutarwa, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, kuma da wannan sani ne iyalai da yawa suka tsallake shekarun yunwa, har da ta 2005. Bagaruwa na ɗauke da sinadarin tanin mai tsuke nama, wanda majema ke jeme fata da shi, shi ne kuma dalilin amfani da ita ga zawo da dasashi. Saiwar uwar magunguna, Securidaca longipedunculata, tana da sinadarin da ake sa wa man zafi, amma shan ta fiye da kima guba ne. Ruwan tumfafiya na iya lahanta ido, yana kuma da sinadarai masu taɓa bugun zuciya. Zaƙami na gusar da hankali, yana iya kashewa. Duk waɗannan itatuwan magani ne, kuma tsakanin warkewa da halaka babu komai sai awo. A nan gyaran ya hau kan masu maganin su ma, domin wanda ke yawo da lasifika yana cewa ƙulli ɗaya na maganin cuta goma ya bar tafarkin magabatansa.

Sunan wa, harshen wa?

Asara ta uku ita ce ta suna. A duniyar bincike, idan aka ambaci littafin, Adjanohoun da abokan aikinsa ake kira. Bokaye da ƴan mai ganye da wanzamai da unguwar zoma da maɗora, waɗanda daga bakinsu aka ji, sun zama tushen bayani kawai. Wannan tsohuwar al'ada ce. John Dalziel, likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, aiki mai amfani har gobe. Amma itacen hano, wanda Hausawa suka san shi tun kaka da kakanni, a littattafan duniya Boswellia dalzielii ake ce masa.

Maƙwabta sun nuna cewa ana iya yin dabam. A Mali, masu bincike sun yi aiki da Tiémoko Bengaly, mai magani kuma dagacin ƙauyen Missidougou, a kan dafaffen ganyen Argemone mexicana da yake ba masu zazzaɓi. A gwajin da aka wallafa a 2010, kashi 89 cikin 100 na waɗanda suka sha shi ba su buƙaci wani magani na biyu ba cikin kwana 28, a yayin da adadin ya kai kashi 95 ga waɗanda suka sha maganin asibiti. Maganin asibitin ya fi shi kawar da ƙwayar cutar daga jini, kuma shi ne abin dogaro, musamman ga ƙananan yara. Duk da haka an auna maganin gargajiyar da ma'aunin gaskiya, aka kuma sa masa sunan mai shi, Sumafoura Tiémoko Bengaly. A Nijeriya, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta ƙulla yarjejeniya da Paul Ogunyale a kan haɗinsa na amosanin jini, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, aka sa sunansa cikin takardar mallakar fasaha ta 1998, aka kuma fitar da maganin kasuwa a 2006, ko da yake sarrafa shi ya tsaya bayan ƴan shekaru saboda durƙushewar kamfanin. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta mayar da neman yardar masu ilimi da raba riba da su abin da doka ta tanada. Ba adalci ba ne a hukunta littafin 1980 da dokar 2010, amma ba daidai ba ne kuma a ci gaba da bincike a yau kamar dokar ba ta zo ba.

Sai batun harshe, wanda ya fi kowane nauyi. An karɓi ilimin da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, aka mayar da shi da Faransanci. Mai ganyen Katako ba ta da hanyar karanta abin da aka rubuta daga bakin irinta, balle ta ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure. Littafin da masu abin ba su iya gyara shi ba, kuskurensa yakan zauna, a yi ta kwafarsa daga kundi zuwa kundi. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, magajiyar hukumar da ta buga littafin, kuma kundin tsarin ƙasa da aka ƙaddamar a wannan wata ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk yadda mutum ya kalli waɗannan matakai, sun ɗora tambaya a gaban masu ilimi: wane littafi ne yaron da ke karatu da harshen uwarsa zai buɗe idan yana son sanin itatuwan ƙasarsa?

Itatuwan su kansu

Littafin ya rubuta sashen da ake ɗiba, amma abin da ɗibar ke yi wa itacen sai a gani a titi. Maɗatan da ke bakin hanyoyin biranen Sahel, har da Yamai, da yawansu an sassaƙe su iya tsayin hannu. Idan sassaƙa ta zagaye gindin itace, hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa ta yanke, itacen kuma mutuwa zai yi. Maɗaci na cikin jerin itatuwan da hukumar kare halittu ta duniya ta ce suna fuskantar barazana. Wanda ake haƙar saiwarsa, irin uwar magunguna, ya fi shiga uku, domin ganye na tohowa amma saiwar da aka tumɓuke ta tafi ke nan. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a kewayen Yamai a 1965 ma gine-gine sun ci wani babban sashe nasa.

Shi dogon yaron darasi ne. Daga Indiya ya fito, kamar zogale, amma yau ya shiga sahun itatuwan da aka fi dafawa don zazzaɓi da wankan jego. Ashe gargajiya ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana karɓa tana gwadawa. Hoton da aka ɗauka a 1980 ba zai wakilci kasuwar yau ba. Manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suke barin gawo da sabara da kalgo su toho a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, sun tsare rumbun magani fiye da yadda kowane littafi zai iya.

Abin da ya rage

Littafin 1980 ya cancanci a sake buga shi, amma da sabuwar fuska. Ana buƙatar bugu na Hausa da na sauran harsunan ƙasa wanda zai fara da sunayen cututtuka yadda jama'a ke faɗin su, ya bayyana abin da kowace ke nufi a asibiti, ya ware abin da aka gwada daga abin da aka ji kawai, ya kuma sa gargaɗi bayyananne a kan masu guba. Yamai ba ta rasa wuraren da za su ɗauki wannan aiki ba. Ga jami'a, ga cibiyar CELHTO mai tattara adabin baka tun 1968, ga gidan tarihi na Boubou Hama.

Malaman makaranta ba sai sun jira ba. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, saboda haka darasin tsirrai da harshen gida ba baƙon abu ba ne. Aji guda na iya tattara itatuwa ashirin na unguwarsu, su busar da reshen kowane a takarda, su rubuta sunayensa duka, da sunan dattijon da ya yi bayani idan ya yarda, da kalmominsa yadda ya faɗe su. Malami ya ƙara musu ƙa'ida biyu: ba a ɗanɗana abin da aka tattara, kuma yaron da jikinsa ya yi zafi asibiti ake kai shi a gwada jininsa. Ƙungiyoyin al'adu kuma na iya amfani da ranar 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiyar Afirka da aka fara kiyayewa a 2003, su haɗa mai magani da likita da masanin tsirrai a tabarma ɗaya, a karanta wa tsofaffi abin da littafin ya ce, a rubuta gyaransu.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Adjanohoun da abokan aikinsa sun gina rumbu sun jera tukwane, kowace da sunanta a rubuce. Amma yawancin zumar tana hannun tsofaffin da ke zaune a Katako da Wadata da ƙauyukan ƙasa, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake.